Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

A gidanmu na Bakura, tun muna yara mukan gane ciwon kan Inna zai tashi kafin ita ta buɗe baki. Tana cikin tsintar shinkafa a faifai sai ta tsaya cak, ta runtse ido ɗaya, ta ce wani ƙyalƙyali yana gilma mata kamar an haska madubi. Daga nan kowa ya san aikinsa. A jingine taɓarya, a kashe rediyo, a kore kaji daga bakin ƙofa, a rataya zane mai kauri a taga. Inna ta ɗaure kanta da kallabi tamau, ta kwanta ta fuskanci bango. Wani lokaci har da amai. Ɓari ɗaya yake sara mata, kuma idan ya kama ta da hantsi, sai washegari muke sake ganin fuskarta sosai. Maƙwabta kowa da abin da yake faɗa. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce jini ne ya taru, a kira wanzami. An yi ƙaho, an sha rubutu, an yi hayaƙi, ciwon yana nan daram.

Ni ce auta. Akwai maza a tsakiya, amma ba su da hannu a wannan labari. Babbarmu mace ce, Yaya, kuma da yake ita ce 'yar fari, ana yaye ta aka kai ta Maradun wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, ta riƙe ta. Sai lokacin hutu take zuwa mana.

Inna tana kunyar 'yar fari irin ta mutanen da, wadda ba a rage mata komai ba. Ba ta kiran sunan Yaya. Ba ta kallon ta ido cikin ido, ba ta zama su yi hira. In ya zama dole ta yi zancenta sai ta ce "ta Maradun". Akwai wata yarinya a layinmu mai suna irin na Yaya, ita ma Inna ta laƙaba mata wani suna daban, har ya bi ta gidan miji. Ni kuwa ba a haife ni da haƙuri ba, kuma auta ce, bakina a sake yake. Tun ina ƙarama abin yake ba ni haushi. Ni a goya ni, a yi mini wasa, a kira sunana sau ba adadi a wuni, ita kuwa ta zo daga wani gari da ɗan ƙunshin kayanta a amsa mata gaisuwa ana kallon kaji.

Abin da na fi tunawa da hutun Yaya shi ne, ranar da ciwon Inna ya tashi, mu mukan fice wasa tunda an hana mu hayaniya. Ita sai ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, ta jingina da bango, ba ta shiga, ba ta kuma tashi.

Allah ya ba Yaya kan karatu. Ta zama likita, ta ƙware a kan jijiya da ƙwaƙwalwa, ta samu aiki a asibitin wata jami'a mai nisa da mu. Cikin duk cututtukan da ke duniya, ciwon ɓarin kai ta zaɓa ta ba shi rayuwarta. Ba ta taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, don na ga zaman bakin ƙofar nan da idona.

Aikinta ba duba marasa lafiya kaɗai ba ne. Tana bincike, ta rubuta abin da ta gano, a buga a mujallun da likitoci da malaman jami'a suke karantawa. Ta yi mini bayani cewa a duniyarsu ba yawan rubutu kawai ake dubawa ba. Ana duba ko wasu masu bincike sun dogara da aikinka, sun ambaci sunanka a cikin nasu rubutun. Na ce mata ai mu ma mun san wannan, haka malaman zaure suke yi, ba su faɗin magana sai sun ce daga malam wane suka ji ta. Ta yi dariya ta ce kusan haka ne. Akwai wani shafi a intanet da yake tara wannan ambato, kowane rubutu nata da jerin waɗanda suka kafa hujja da shi. Ita ba ta cika dubawa ba sai lokacin neman ƙarin girma. Ni ce na mayar da shi abincina. Ina koyarwa a wata firamare a Talata Mafara, kuma da an tashi tara sai in buɗe waya in ga ko an ƙaru. In an ƙaru, ɗakin malamai ba ya zaman lafiya. Wata abokiyar aikina Kirista, da muke shiri sosai, takan ce, "Don Allah bar mu mu sha shayi, mun ji, yayarki ta fi ta kowa." Ni kuwa ko a jikina.

Bayan rasuwar Baba, abubuwa suka lalace a wajen Maradun saboda 'yan bindiga. Mutanen ƙauyukan Gidan Goga da Kaya da muka sani suna ta baro gidajensu, hanya ta zama sai an yi addu'a kafin a hau. 'Ya'yan Gwaggo suka matsa mata ta dawo Bakura wurin Inna. Ta zo da akwatinta da kaskonta da sana'arta, don Gwaggo gwana ce wajen haɗa turaren wuta da humra, amare har layi suke yi mata. Muka yi murna, tsofaffi biyu za su ɗebe wa juna kewa.

Daga nan ne ciwon Inna ya sauya hali. Da can yakan zo ya tafi ya bar ta ta huta. Yanzu kusan duk ƙarshen makon da na hau mota daga Mafara na je Bakura, sai in tarar da zane a taga. Ta koyi aikawa kemis a sayo mata ƙwayoyin ciwon kai, tana haɗiya safe da yamma kamar goro. Ta rame, idonta ya faɗa. Gonar albasar da take zuwa dubawa a bakin kanal ɗin noman rani ta daina zuwa. Na ce mu je asibiti, ta ce, "Wa ka zuwa asibiti don ciwon kai? A yi man dariya?"

Idan Yaya ta bugo, ni take kira, in ƙara muryar wayar in ajiye a tabarma. Ta yi gaisuwa mai tsawo, Inna tana amsawa tana kallon wani wuri. Da ta ce, "Inna, ya kan naki?" sai Inna ta dube ni ta ce, "Ki ce mata da sauƙi." Ana kashe waya ta nuna ni da yatsa. "Kul na ji kin kai mata zancen kaina. Ni ba ni kai mata kuka. Uwata ba ta kai ma nata ɗan hwari ba."

Na kai mata mana. Da wa zan kai wa? Amma Yaya ta ce ba ta iya ba da magani a kan labarin da aka ba ta. Ciwon ɓarin kai ba ya fitowa a hoto ko a gwajin jini yadda mutane suke zato, a bakin mai shi ake gane shi. Dole ta ji daga Inna: ina yake kamawa, yaya yake farawa, me yake tayar da shi, me take sha. Ga likitar ciwon a gidanmu, ga mai ciwon a gidanmu, kunya ta tsaya a tsakani ta hana su haɗuwa.

Da Yaya ta samu hutu ta zo. Muka je Bakura tare. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna, aka tambayi hanya, aka tambayi aiki, aka tambayi maigida da yara, duk Inna tana kallon ƙofa. Sannan Yaya ta yi ƙarfin hali ta ce, "Inna, wane ɓari ne yake miki ciwo?" Inna ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta. Babu wata tukunya a wuta, ni na sani.

Muka koma gidana a Mafara da yamma. Yaya ta cire mayafi ta zauna a bakin gado. Can ta ce, "Mutanen da ban taɓa gani ba, a ƙasashen da ban taɓa takawa ba, suna karanta abin da na rubuta su yi wa marasa lafiyarsu aiki da shi. Matar da na yi karatun dominta ba ta iya gaya mini hagu ne ko dama." Ban taɓa ganin Yaya tana kuka ba sai ranar. Raina ya ɓaci matuƙa, na ji kamar in tashi a lokacin in koma Bakura.

Washegari na koma ni kaɗai, da dabarata da nake ganin babu kamarta. A tunanina Inna ba ta san girman 'yarta ba ne. In ta gani da idonta, za ta saki jiki. Na same ta a tsakar gida, ranar kan da sauƙi, Gwaggo tana gefe tana jera kwalaben humra. Na buɗe shafin na kai wayar gaban Inna, ina ja da yatsa, jerin yana ta tafiya ba ya ƙarewa.

"Wanga dut mine na?" in ji Inna.

"Masu ilimi ne na duniya, Inna. Kowane layi da kike gani, wani ne ya ambaci sunan Yaya a cikin rubutunsa."

Ina jiran murmushi, sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Dut waɗanga sunanta suka kira? Su wane na? Sun san ta?"

"Ba su san ta ba, aikinta suka sani."

"In sun kira, suna cewa Masha Allah?"

Ta dafe ƙirji ta yi salati. "Ke kuma kina yawo da shi cikin waya kina gwada ma mutane? Baki hwa! Bakin duniya dut a kan yarinya guda!" Nan take ta shiga ɗaki ta ɗebo shinkafa ta jiƙa, ta ce gobe Juma'a za a toya waina a yi sadaka, a kuma kai wa liman ya sa ta cikin addu'a. Ni da na zo in sa ta alfahari, na tayar mata da hankali.

Na fara faɗa, don ni in abu ya ƙi mini, baki nake sakewa. Gwaggo ta jawo hannuna zuwa zaure.

"Ke ɗiyag ga, kina da ilimi amma ba ki da ido," ta ce. "Kin ga shiru kin ɗauka ƙi na. Ranar da anka kawo man yarinyag ga, uwarki ko bakin mota ba ta rako ta ba. Amma tun daga sannan, kowace Talata sai saƙo ya iske ni daga kasuwar Mafara. Ƙuli, dawo, ɗan zane, takalmi. Ba ta taɓa cewa na wance na ba, kuma takalmin bai taɓa yi mata yawa ko kaɗan ba. Ɓoyon ta taka yi. Ita a ganinta, abin da kaka so ƙwarai, ba ka yawan kiran shi."

Na ce, "To Gwaggo, haka za mu zuba ido ciwo ya cinye ta?"

Ta ce, "Wa yac ce? Ni na riƙe yayarki, ba kunya tsakanina da ita. Ki kawo man likita gobe bayan la'asar, ke kuma ki riƙe bakinki."

Haka aka yi. An rarraba wainar sadaka da safe, da la'asar muka taru a ɗakin Inna. Inna tana kan gado ta ba mu rabin baya, tana ɓarar gyaɗa a kwano. Gwaggo ta baje a tabarma a tsakiya. Yaya ta zauna kusa da ƙofa, ni kuma a dokin ƙofar, an ce in na yi tari ma a waje zan ƙarasa.

Gwaggo ta gyara murya. "Likita, akwai wata mata da na sani, kanta ka yi mata ciwo. Na ce bari in tambayar mata."

Yaya ta dube ta, ta dubi bayan Inna, ta gane. Ta ce, "Allah ya ba ta lafiya. Gwaggo, a tambayar mini ita, wane ɓari ne?"

Gwaggo ta waiga wajen gado. "An ce wane ɓari?"

Ɓarar gyaɗar ta tsaya. Can Inna ta ce, tana kallon bango, "A ce hagu. Bayan ido."

"An ce hagu, bayan ido," in ji Gwaggo, kamar ba a ɗaki ɗaya muke ba.

Dariya ta taso mini tare da hawaye, na cusa mayafi a baki. Aka ci gaba. Yaya ta tambaya, Gwaggo ta miƙa, Inna ta amsa wa bango, Gwaggo ta dawo da amsa. Ƙyalƙyalin da take gani, tashin zuciya, yadda haske da ƙara suke dame ta, ƙwayoyin da take sha kullum. Abin da Inna ta riƙe a ciki tun kafin a haife ni, ranar ya fito ɗaya bayan ɗaya. Da tafiya ta yi nisa, Gwaggo ta shagala da gyara ɗaurin zaninta ba ta miƙa wata tambaya ba, Inna kuwa ta amsa kai tsaye. Babu wanda ya nuna ya lura.

Sai Yaya ta ce, "A tambaye ta, me ta lura yana tayar mata da shi?"

"Rana," in ji Inna. "Da yunwa, in na yi jinkirin kalaci."

"Sai me?"

"A bar wannan."

Gwaggo ta ce, "Ba a bari. An zo wurin likita a ɓoye mishi?"

Inna ta daɗe tana juya gyaɗa a kwano, sannan ta ce a hankali, "Ƙamshi."

"Wane ƙam..." Gwaggo ta tsaya. Ta dubi kaskonta da ke bakin ƙofa, hayaƙi yana tashi siriri. "La'ilaha illallahu! Turarena? Tun zuwana kina kwana kina tashi cikin hayaƙin ga, ba ki hwaɗi ba?"

A karon farko Inna ta juyo. Ta ce, "Kin baro gidanki ba don kina so ba. Shi kaɗai kinka hito da shi. In ce maki mi?"

Gwaggo ta tashi, ta ɗauki kaskon da gefen zaninta ta fita da shi. Da ta dawo idonta ya yi ja, amma bakinta bai mutu ba. Ta ce, "Likita, ci gaba. Matag ga taurin kai gare ta, amma muna son ta haka."

Yaya ta yi bayani, tana kallon Gwaggo, kunnen Inna kuwa yana wurinta. Ta ce ba iska ba ce, ba jini ne ya taru ba, ciwo ne sananne da mutane da yawa suke da shi, musamman mata. Ta ce ƙwayoyin da ake sha kullum su da kansu suna dawo da ciwon, dole a janye su, kuma farkon janyewar zai yi wuya. A ci abinci a kan lokaci, a sha ruwa, a guji tsakar rana. Sannan a je asibiti a Mafara a auna jininta a duba ta sosai, akwai maganin da ake sha don rage zuwan ciwon, likitan can zai bi ta a hankali, ita Yaya kuma za ta riƙa magana da shi.

Gwaggo ta waiga. "An ji?"

Inna ta ce, "A ce an ji. A ce Allah shi yi albarka."

Yaya ta sunkuyar da kai ta ce amin.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Makonnin farko Inna ta sha wuya, har ta ce a sayo mata ƙwayoyinta ko ta tsine wa wani. Gwaggo ta tsaya a kanta kamar soja. Ta mayar da sana'arta wani ɗaki a can bayan gida, tana sauya zane kafin ta shigo wurin Inna. Ni nake kai ta asibiti, tana tafe tana mita. A hankali zanen taga ya fara kwana a igiya. Ciwon bai rabu da ita ɗungurungum ba, Yaya ma ta ce kada mu sa ran haka, yakan leƙo jefi-jefi. Amma Inna ta koma gonar albasarta, da sassafe, da gorar ruwa a hannu. Wainar Juma'a kuwa ba ta fasa ba har yau. Na daina nuna shafin a ɗakin malamai, amma ina dubawa a ɓoye, kuma in na ga an ƙaru sai in ji bakina ya ce Masha Allah da kansa.

Bara aka yi suna a layinmu na Bakura, na je. Mata sun cika tsakar gida, ana ta hayaniya, sai na hangi wata matashiya a lungu ta ɗaure kai da kallabi ta runtse ido. Kafin in motsa, Inna ta riga ni. Ta zauna kusa da ita tana tambayar ta: wane ɓari, tana ganin ƙyalƙyali, ta ci abinci, me take sha. Ta ce mata ta tashi daga kusa da kaskon turare, ta daina haɗiyar ƙwaya kullum, ta sa mijinta ya kai ta asibiti, ba abin kunya ba ne.

Wata tsohuwa, abokiyar wasan Inna, ta kwashe da dariya. "Ikon Allah! Yaushe kinka zama likita? Wa yag gaya maki wanga duka?"

Matan da ke kusa suka juyo suna kallon Inna. Na san abin da Inna ta saba cewa, don haka na ci gaba da zuba tuwo. Inna ta gyara mayafinta, ta dubi ƙasa.

"Ga bakin wadda ta karanci abin na ji shi," ta ce. "Ɗiyata ta. Ta hwari." Sai ta yi sauri ta ƙara, "Masha Allah."

Na ajiye marar tuwon na fita zaure, na kira Yaya. Ta ɗauka tana cewa tana tsakiyar aiki, in yi sauri. Na ce, "An ambace ki yau, amma wannan ba zai fito a shafinki ba." Na ba ta labari.

Sannan ta ce, "Sake faɗa mini. Yadda ta faɗa, kada ki gyara komai."

Na sake faɗa mata, har da Masha Allah ɗin.